Ɗaurin Ƙirjin Baba Lantana

Shekarar da gwamnati ta ce rabin jikin talaka kawai za ta biya wa inshorar lafiya, kowa ya zaɓi sama ko ƙasa, ai an sha kallo. Inda mutum yake ɗaura wando ko zani, nan ma'aikaci zai zagaye shi da shuɗiyar tawada wadda ba ta wankuwa. Ciwon da ya tsallake tawadar nan, ko mutuwa kake yi likita ba zai dube shi ba.

Ita kuwa Baba Lantana mai ƙosai, ga ciwon gwiwa ga ciwon zuciya. Ranar rajista sai ga ta a ofis da ɗaurin ƙirji, zani har hammata.

"Ƙasa nake so, ɗan nan."

Ma'aikacin ya dube ta. "Baba, a ƙugu ake ɗaurawa. Sauko da shi."

"In ji wa? Dokarku cewa ta yi inda nake ɗaurawa. Tun ba a yaye uwarka ba a nan nake ɗaura nawa. Ba kai ne ɗan Kande ta bakin kasuwa ba? To in kunya ta ƙare maka, taso ka kwance da hannunka."

Ma'aikacin ya ɗauki tawada ya zagaye ta daf da hammata, gwiwa da zuciya duk suka shige.

Kafin ya ɗago kai, matan da ke layi kaf sun ja zannuwansu sama. Wata ma, ba sai an faɗi suna ba, har wuya.