Gumin Tafin Hannuna

Ƙarfe huɗu daidai Malam ya ce in kawo allona. A Yendi muke, shekaruna tara. Na tsara rubutuna tsaf, amma da jin sunana gabana ya faɗi, gumi ya tsattsafo a tafin hannuna kamar kullum, ya narkar da tawadar.

"Ke, maganar Allah kika goge?"

Dorina ta yi ta sauka har bayana ya tsage, idona ya yi duhu. Har yau warin tawada na jiƙa min hannu.

Na farfaɗo a cinyar mahaifiyar Malam.

"Inna, aljanu gare ni?"

Ta share min hannu da bakin zaninta. "Babu aljani, 'yar nan. Jikinki ne ke riga ki jin tsoro."