Ragowar Kunun Masu Dashe

Rahama ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, numfashi sama-sama. Mijinta Jamaluddeen, da karayar ƙafa ta kwantar, ya dogara sanda ya bi ta asibiti.

"Tiramol ce ta yi mata yawa," in ji likita.

Irin ta Jamaluddeen ce, wadda aka rubuta masa, wadda kwana biyu ba ta kashe masa zafi. Da ya koma gida ya buɗe ƙwaya ɗaya, sai garin masara. Ya ɗauka Rahama ce ke juye maganin tana sha. Ya rantse Rahama ta gama zaman gidansa.

Ƙaninsa Bilya, mai kula masa da gona, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, a kunun masu dashen shinkafa nake juye maganin, don su gama kafin a rufe ruwan noman rani. Ban san tana shan ragowar ba."