Matan Farfesa Jalaluddeen

Ranar Laraba da hantsi, motar jami'a ta tsaya a ƙofar wani gida a Matameye. Farfesa Jalaluddeen ya fito yana gyara babbar riga, Dakta Najaha na biye da shi da jakar takardu.

Shekara ashirin ke nan yana cin albarkacin garin nan. Fanninsa sikizofireniya, ciwon da ke sa mutum jin muryoyin da babu masu su. Bincikensa ya nuna cewa cikin matan Matameye ɗari biyu da sha biyu, babu ko ɗaya mai jin irin muryoyin nan, alhali maza na fama. Ya ce zaman tsakar gida ne ke kare su. Da wannan magana ya zagaya tarukan duniya, har ya yi tumbi.

Yanzu za a ba shi shugabancin sabuwar cibiyar bincike a Yamai. Sharaɗi ɗaya ya rage: kwamiti ya turo Najaha ta gana da goma daga cikin matan. Farfesa ya ɗauki hakan a matsayin raini, amma kujerar yake so.

Shi kansa bai taɓa ganin matan ba. Namiji ba ya shiga gidan matan aure, kuma bai ga dalilin wahalar da kansa ba. Garba, mai gidan da ya sauka a lokacin, yana da ƙanwa mai suna Mairama, wadda ta yi lakwal, wato makarantar boko, har ta iya Faransanci. Kullum da safe Farfesa kan miƙa mata takardun tambayoyi daga zaure, da la'asar ta dawo da su a cike: suna, shekaru, yawan 'ya'ya, har da wadda ta ƙi amsawa don fushi. Ba ta taɓa neman a kai ta Kance ko Dungu, garuruwan kewaye da wasu matan suke, ba. In ya yi mata magana, sai ta karkata kai ta ɗan jira kafin ta amsa. Ya rubuta a littafinsa cewa kunya ce irin ta matan karkara.

Yau ma gidan Garba suka sauka. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya leƙa ciki. "Mairama! Ga likitanki na da, ya zama babban mutum."

Ta fito tsaf da ita, ta gaishe su. Najaha ta zaro jerin sunaye.

"Yaya Mairama, Sakina ta garin Ɗan Barto muke so mu fara gani. Tana nan?"

"Sakina mai tsiwa?" Mairama ta yi dariya. "Ita ta fi ba ni wahala. Sai na yi tambaya sau uku."

Farfesa ya dubi Najaha, ya ɗaga gira. "Kin ji ko? To, tashi ki raka mu gidajensu."

Garba ya sa baki. "Waɗanne gidaje, ranka ya daɗe? Ai a waɗancan shekarun ko zaure ba ta wucewa."

Najaha ta daina rubutu.

"A ɗakina nake tambayarsu, Farfesa," in ji Mairama. "Sai dai kun makara. Tun da aka sa ni kan magani ban sake jin muryar ko ɗayarsu ba."