Mai Lambun da Ba Ya Cin Ganye

Tunda kai ma mai raina na gida ne, bari in ba ka misalin wani mai lambu. Fadamarsa abar kallo ce: tumatir, karas, gwaiba, ga zogale ya zagaye shinge. Daga nan ake loda motoci zuwa birni, amma shi ko ɗanɗanawa ba ya yi. In matarsa ta yi kwaɗon zogale sai ya ture kwanon, wai shi ba akuya ba ne, ya fita cin tsire da lemon kwalba. Wayoyinsa uku saboda dillalai, duk a aljihun wando suke yini, har cinyarsa ta saba da ɗuminsu. Abu ɗaya ya hana shi sakat: shekara bakwai da aure ba haihuwa. Sai da baiwar Allah ta sha jiƙe-jiƙe har ta gaji, sannan gogan ya yarda ya kai kansa asibiti.

Likita ya auna shi, ya ce ƙwayoyin haihuwarsa sun raunana. Ya ce masu bincike na zargin zafi da siginar da waya ke fitarwa, ko da yake ba su gama tabbatarwa ba, don haka ya raba wayoyin da jikinsa. Kuma akwai abubuwan da ke taimaka wa jiki ya kare ƙwayoyin daga lalacewa. Mai lambu ya gyara zama, ya ce ko a Indiya ake sayar da su zai sa a kawo. Likita ya lissafo masa: tumatir, karas, gwaiba, zogale. Mutumin ya ce, "Likita, ai lodin da na yi wa mota ɗazu ke nan."

Wayoyi suka koma jakar hannu. Matar kuwa in ta ajiye masa kwaɗo sai ta yi kukan akuya, shi ko ya sunkuyar da kai ya cinye tas. Kafin damina biyu Allah ya kawo rabo, aka rangaɗa guɗa a gidan, mai lambu ya riƙe ɗiyarsa yana dariya yana hawaye. Ranar suna ga naman rago, ga daro cike da kwaɗon zogale, da hannunsa yake raba wa abokai, har da masu ture kwano irinsa. Allah ne mai bayarwa, amma shekara bakwai sanadin yana jikin shingensa. Shi ya sa Hausawa suka ce: ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.