Gaiwar Iri

Warin maganin kwalaben nan bai bar hancina ba. Ina ƙarami, da rani, tafkinmu na Zakka ya ƙafe, masu binciken kifi suka zo daga birni. Baba ya nuna masu gefen da gaiwa ke kwance cikin busasshen taɓo tana jiran damina.

Ya ce, "Malam, nan ba mu tonawa. Na iri ne."

Babbansu ya rubuta, ya sa aka kawo diga. A gabanmu suka tone su kaf, suka auna, suka cusa cikin kwalaben magani.

Da zai shiga mota ya dafa kafaɗar Baba: "Dattijo, ku rage kamun kifi, kuna ƙarar da shi."

Baba ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin har yau yana ci mani rai.