Lakilen Alhaji Sajo

Alhaji Sajo ya wurgo wa Karimu lakile, makullin mota. "Ga kamiyo can, babbar motar kaya. In ka kai ta bakin ƙofa, kai ne direban hanyar Gaya."

Karimu ya cafe. Wata takwas ke nan ba ya aiki, matarsa ma ta daina tambaya. Da ya zo neman aiki bai zaci Alhaji mai garejin zai gane shi ba, sai ga shi ya rungume shi a gaban ma'aikata.

"Wannan shi ya fara ba ni wasan tseren mota na tele," in ji Alhaji. "Ina biyo inna tallan nono daga Guéné, yaran Malanville na toshe hanci, shi ko ya zaunar da ni bisa tabarmarsu ya miƙo min manet, abin tuƙin wasan. Kullum motata ke zuwa ta ɗaya, kowa na tafi."

Karimu ya hau, ya yi bisimilla, ya murɗa lakile. Shiru. Ya yi ta murɗawa har gumi ya jiƙa rigarsa. Ma'aikata suka kewaye motar suna tafi: "Karimu ya ci, Karimu ya ci!"

Ya sauko ya leƙa ƙarƙashi. Babu inji, sai kaza kwance kan ƙwai.

Alhaji ya dafa kafaɗarsa. "Shekarata tara ran da na ɗaga tabarmar nan, na iske wayar manet ɗina ba a jone take da komi ba. Kai ke tuƙi a bayana, kuna dariya. Koma ka murɗa, Karimu, ba su gama tafi ba."