Totur ɗin Motar Papa Agyekum

Ampofo ya jona kwamfutarsa da ƙwaƙwalwar motar. A duk Suame, unguwar makanikai, babu wanda ya kai shi iya sa mota mai turbo ta yi tsalle da an taɓa totur, amma yau an zo masa da aikin da bai taɓa yi ba: ya mayar da ita raguwa.

Mai motar kuwa Papa Agyekum ne, mahaifin Akyaa, yarinyar da Ampofo ya daɗe yana nema, tsohon yana ta ja masa rai. Ya ce tayoyin baya sun cinye, mai ba ya kwana a tanki, kuma ya san aikin ɗansa Kwarteng ne, wannan zanƙalelen da ba ya jin magana. In Ampofo ya ladabtar da motar, to ya turo manyansa a yi maganar aure.

Daɗi ya kusa kashe Ampofo. Ya shiga, ya tura kujerar direba baya don gwiwarsa ta tokare sitiyari, ya kawar da wani ƙyallen atamfa daga kan giya, ya duƙufa. Ya rage iskar da turbo ke turawa, ya daidaita totur yadda ko an take shi har ƙasa, rabin ƙofar iska kawai zai buɗe. Da suka fita gwaji, motar ta bi titi kamar mai rakiyar gawa. Papa Agyekum ya dafa kafaɗarsa, har ya kira shi ɗana.

Saura Maame Dufie, uwar yarinyar, mai shagon atamfa a kasuwar Kejetia. A al'adar ƙabilar Asante ai 'ya ta dangin uwa ce, in ta ce a'a an gama. Amma Ampofo bai damu ba. Wace uwa ce za ta ƙi wanda ya ceci ran ɗanta?

Washegari yana cin waken safe motar ta shigo garejin a hankali. Ya miƙe yana shirya abin da zai gaya wa Kwarteng. Ƙofa ta buɗe, 'yar guntuwar dattijuwa ta sauko tana gyara ɗaurin kai, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai son 'yata? To ni ka lalata wa mota. Yau a hanyar Ejisu har mai tallar biredi a keke ya wuce ni yana ɗaga min hannu."